Yadda zaka haɗa wa yaran firamare ajin koyon rubuta labari

Duk yaron da zai iya dawowa gida ya ba uwarsa labarin faɗan da aka yi a filin ƙwallo, wa ya fara, wa ya zagi wa, wa ya zo ya raba, to wannan yaron ya riga ya iya labari. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya sa shi a takarda, kuma aikin da zamu yi kenan. Na fara da wannan ne saboda yawancinmu in aka ce insha'i abin da muka sani shi ne malam ya rubuta "Makarantarmu" ko "Babban abokina" a allo, ya jera jimla biyar a ƙasa, yara su kwafa, shi kuma ya bi da jan biro. Yara hamsin, insha'i ɗaya tak, har ƙofar makarantar kowa launinta ɗaya. Wannan kwafi ne, kuma yana da amfaninsa wajen gyaran hannu, amma ba shi muke nema ba a nan. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin, ko kai malami ne ko ke malama ce, ko ma ba ka koyarwa kawai kana son yaran unguwarku.

Fara da manya kafin yara

Kar ka tara yaran mutane kai tsaye. In a makaranta zaka yi, je ka zauna da hedimasta, ka yi masa bayani dalla-dalla, in makarantar gwamnati ce ka nemi a sanar da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai. In a unguwa ne to mai unguwa da iyayen yaran su sani, kuma ka faɗa musu gaskiyar abin: ba lesin ɗin jarrabawa ba ne, ba a raba kuɗi, yara zasu rubuta labari ne a ƙarshe a haɗa musu littafi. Wasu iyayen zasu ce miye amfanin tatsuniya, to ka amsa musu da abin da zasu gane, yaron da ya saba rubuta tunaninsa ba ya tsoron takardar jarrabawa, kuma shi zai rubuta musu wasiƙa gobe.

Ku kasance manya biyu a ajin ko da yaushe, in akwai 'yan mata to lallai a samu mace a cikinku, ƙofa a buɗe. Wannan ba abin sakaci ba ne.

Sai batun lokaci, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Yaranmu ba zaune suke ba, da safe boko, da yamma Islamiyya, Asabar da Lahadi wasu na tahfiz, wasu 'yan matan ga talla. Makarantun allo da Islamiyya da yawa suna hutun Alhamis da Juma'a, saboda haka yammacin Alhamis bayan la'asar yakan fi sauƙi, amma ka tambaya tukuna don kowace unguwa da tsarinta. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ya isa, sau ɗaya a mako, na tsawon mako shida zuwa takwas. Dogon hutu ma lokaci ne mai kyau.

Yara nawa? Goma sha biyar zuwa ashirin. Na san ajujuwanmu na gwamnati wani ya haura ɗari kuma zuciya ba ta son barin kowa a waje, amma in suka yi yawa ba zaka iya sauraren labarin kowa ba, kuma sauraren shi ne rabin aikin. Gara ka yi rukuni-rukuni. Ka fi karkata ga 'yan aji 4 zuwa 6, su hannunsu ya ɗan faɗa. Kuma dan Allah kar ka ce malamin aji ya zaɓo maka masu ƙoƙari kaɗai, sau da yawa yaron nan na bencin baya da ake cewa surutu ya yi masa yawa shi ne mai labari.

Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu ɗaya ga kowane yaro wanda ba za a haɗa shi da wani darasi ba, fensir da abin gogewa, alli, farar takarda, kwali, fensirin kala in da hali, allura da zare. Tabarma ta fi benci, a zauna a kewaye kowa na ganin fuskar kowa.

Da wane harshe?

Da Hausa. Ra'ayina kenan kuma ina da dalili. Yaro ɗan shekara tara da kake so ya ƙirƙiro labari, ya nemo kalmar Turanci, ya tuna yadda ake rubuta ta, duk a lokaci guda, to labarin ne zai fara mutuwa, sai ka ga ya rubuta jimla biyu da ya haddace ya ajiye fensir. A harshen da yake mafarki da shi kuwa zaka sha mamaki. In iyaye sun matsa sai Turanci, to a rubuta da Hausa tukuna, daga baya a zaɓi labari ɗaya gajere a juya shi tare a allo, ya zama darasi na daban. In kuma a ajin akwai yaron da a gida Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci ake yi, ka bar shi ya saka maganar gidansu a bakin mutanen labarinsa, daɗi ma zai ƙara.

Zaman farko: ba a taɓa fensir

Ka shigo ka zauna ka ce "Ga ta nan ga ta nanku", zaka ji sun amsa "Ta zo mu ji ta" ba tare da ka koya musu ba. Ka yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ta Kura, duk wadda ka iya sosai, in kuma akwai wata gwaggo ko kaka a unguwa da ta fi ka iyawa to ka roƙe ta ta zo, yara sun fi nutsuwa da su. Amma ga dabarar: in aka zo daidai inda abu ya rikice, misali Gizo ya shiga rumbun mutane ya ci ya ƙoshi ƙofa ta yi masa kaɗan, sai a tsaya. Ka tambaye su, to yanzu ya zai fita? Kowa ya kawo tasa. Kar ka ce wa kowa ba haka ba ne, ko da yaro ya ce Gizo ya kira ɗan acaɓa a waya, karɓa zaka yi ka ce to da ɗan acaɓan ya zo sai me ya faru.

Kar ka ga kamar wasa ne wannan. Rubutun labarin Hausa na boko ma ta nan ya biyo, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta labari a 1933, waɗanda suka shiga irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun ɗebo da yawa daga labaran baka da tarihin da suka taso suna ji. Abubakar Imam a lokacin shekarunsa 22. Ka faɗa wa yaran wannan, suna son jin cewa manyan marubuta ma daga irin abin da suke da shi suka fara.

Kafin a tashi sai ka rubuta tambayoyi huɗu a kwali ka liƙa a bango, su zauna a nan har a gama: Wane ne? Me yake so? Me ya tare masa hanya? Ya aka ƙare? Ku gwada su a kan tatsuniyar da aka yi. Gizo ne, abinci yake so, ƙofa ta hana shi fita, ga yadda ta kaya. Shikenan sun samu ƙashin bayan labari ba tare da ka kawo musu manyan kalmomi irin su jigo da zubi da tsari ba, waɗannan su jira sakandare.

Zama na biyu: labarin taro

Yanzu kai ne magatakarda, su ne masu labari. Ka tsaya a allo ka ce su ba ka mutum, su ba shi suna, su faɗi abin da yake so. Kana rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗa, ba ka gyara musu magana zuwa taka. In aka samu saɓani, wasu na cewa akuyar ta ɓata a kasuwa wasu na cewa sace ta aka yi, a ɗaga hannu. Duk bayan jimla uku ko huɗu ka sa wani ya karanta daga farko. Abin da suke koya a nan babba ne, suna gani da idonsu maganar bakinsu ta koma rubutu, suna ganin inda ka sa aya, inda ka koma sabon layi, har inda ka goge ka sake, kuma yana da kyau su ga kana gogewa don su san ba laifi ba ne. A ƙarshe kowa ya kwafi labarin a littafinsa amma ka bar ƙarshen a buɗe, kowa ya rubuta nasa ƙarshen, ko jimla biyu ce.

Zama na uku: koyon kallo

Wannan shi ne zaman da na fi so kuma shi na fi ba muhimmanci. Matsalar rubutun yara, har da na manya ma, ita ce komai "mai kyau" ne ko "mara kyau". Gida mai kyau, yarinya mai kyau, abinci mai daɗi. Maganin wannan yana cikin kacici-kacici. Ka jefa musu "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", su ce tsintsiya. "Baba na ɗaka gemu na waje", wuta da hayaƙi. "Rawanin baba ya faskari naɗewa", hanya. Sai ka tambaye su, wanda ya fara ƙirƙiro wannan me ya lura da shi a jikin tsintsiya? Ya kalle ta ne da kyau har ya ga abin da kowa ke gani amma bai kula ba.

Daga nan ka fito da jaka da ka zubo ƙananan abubuwa a ciki, goro, makulli, tsinken sakace, ɗan kwalin ashana, ƙwallon mangwaro, murfin kwalba, tsohon silifa. Kowane yaro ya sa hannu ya ɗauki ɗaya a ɓoye, ya rubuta jimla uku a kansa ba tare da ya ambaci sunansa ba, sauran su canka. Ajin zai kaure da ihu, ka bar su. Bayan haka ku fita waje minti goma, bakin titi ko gindin bishiya, kowa ya rubuto abu ɗaya da ya gani, ɗaya da ya ji da kunne, ɗaya da ya shaƙa, ɗaya da ya taɓa. In yaro ya rubuto "na ji ƙamshi" ka tambaye shi ƙamshin me, ƙosai ne ko turaren wuta ko ƙasar da aka yayyafa wa ruwa? Wannan tambayar ta "wane iri?" ka riƙe ta, zaka yi ta maimaita ta har a gama.

Zama na huɗu da na biyar: kowa da nasa

Yanzu kowa zai fara labarin kansa. Kar ka ce "ku rubuta duk abin da kuke so", farar takarda tana ba yaro tsoro. Ka ba su mafari biyu ko uku su zaɓa, irin na rayuwarsu: an aike ka cefane kuɗin ya faɗi a hanya. Ragon layya ya tsinke ana gobe Sallah. Kin buɗe tukunyar kakarki kin ji wani abu na magana a ciki. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar biki. Wanda ke da nasa daban ya yi nasa.

Kafin rubutu kowa ya juya ya ba na kusa da shi labarin da baki, minti biyu-biyu, ya amsa tambayoyi huɗun nan na bango. Sannan a yi shiru a rubuta na minti goma zuwa sha biyar, kar ya wuce haka, hannunsu na gajiya. Doka ɗaya ce: ba a tsayawa tambayar yadda ake rubuta kalma, ka rubuta yadda ka ji ta ka ja layi a ƙasa mu duba daga baya. Kai ma ka zauna ka rubuta naka, kar ka riƙa zagaye a kansu hannu a baya kamar mai tsaron jarrabawa.

Zaka tarar da yaron da ya kai aji 4 ko 5 amma bai iya haɗa baƙi ba, wannan ba sabon abu ba ne a makarantunmu kuma ba laifinsa ba ne. Kar ka kore shi, kar kuma ka bari a gane a yi masa dariya. Ka ba shi takarda ka ninka gida huɗu ya zana labarin, sannan ya faɗa maka kai ka rubuta a ƙasan kowane zane, kalma da kalma yadda ya faɗa, shi kuma ya bi ya kwafa. Labarinsa ne, sunansa zai hau. Yara da yawa ta nan suke fara son karatu saboda abu na farko da suka iya karantawa maganarsu ce.

A zama na biyar sai a shigo da magana a cikin labari. Yaranmu sun san tashe, sun san yadda ake kwaikwayon mai magani ko tsoho mai gemu a watan azumi, to ka yi amfani da wannan. Ka fito da biyu, ɗaya mai tumatir ɗaya mai saye, su yi ciniki na gaske, kai kana rubuta abin da suke cewa a allo, "Haba malam, albarka!" da "To sallama, kawo." Sai ka nuna musu alamar zance da yadda ake komawa sabon layi in wani ya karɓi magana. Kowa ya koma labarinsa ya nemi wuri ɗaya da zai bar mutanensa su yi magana da bakinsu. In lokaci ya ragu ku taɓa waƙa, ku ɗauki karin wata waƙar gaɗa da 'yan matan suka iya ku sa mata sababbin kalmomi, ana tafi ana gwadawa, duk layin da ya ƙi hawa tafi a gyara shi.

Wani abu da ya kamata ka shirya masa: wani yaron zai rubuta abin da ke ci masa rai, rasuwar uwa, duka, yunwa, ko ranar da suka gudo daga ƙauyensu. Kar ka karanta irin wannan a gaban aji sai da yardarsa, kar ka ce ya canza ya rubuta abin dariya. Ka gode masa, ka saurare shi a gefe. In ka fahimci ana cutar da shi yanzu haka, to maganar ta wuce ta rubutu, ka kai ta ga hedimasta ko wani babba da ka amince zai kare yaron ba wanda zai tona shi ba.

Zama na shida: gyara

Ka ajiye jan biro a gida. Gyara kashi biyu ne kuma kar ka haɗa su rana ɗaya in zai yiwu. Na farko gyaran labari: yaro ya karanta nasa da ƙarfi, masu sauraro su faɗi abu ɗaya da ya burge su, takamaimai, ba "ya yi kyau" ba, sannan su yi tambaya ɗaya. "Ina kuɗin ya shiga?" "Me ya sa ba ta gaya wa yayarta ba?" Tambayar yara 'yan'uwansa ta fi gyaranka tasiri, da kansa zai ga ramin da ya bari ya koma ya cike. Ka koya musu ba a cewa labarin wani banza ne, kuma ka tsaya a kan wannan dokar da gaske tun ranar farko.

Na biyu gyaran rubutu, shi kuma da fensir, kai da yaron kuna zaune tare. Kar ka gyara komai da komai, ka zaɓi abu biyu: aya da babban baƙi a farkon jimla, sai baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta musu baki da baƙi, kafa da ƙafa, dari da ɗari a allo su karanta su ji bambancin, sannan kowa ya bi labarinsa yana farautar inda ya manta lanƙwasa. Sauran ƙa'idoji irin raba kalma da haɗe ta sai a hankali. Kuma in yaro Basakkwace ne ko Bakatsine ya sa karin harshensu a bakin mutanen labarinsa, ka bar masa, haka mutanen ke magana.

Littafi da ranar karatu

Kar a gama a watse ba abin riƙewa a hannu. Ka ɗauki farar takarda huɗu ka ninka su biyu, ka samu shafi 16, ka sa kwali a baya ka ɗinke tsakiya da allura da zare. Yaro ya kwafe labarinsa da kyau, ya yi zane, a bango ya rubuta sunan labari da sunansa, a shafin ƙarshe ya rubuta jimla biyu game da kansa. In akwai ɗan kuɗi ka haɗa duka labaran a kai shagon fotokwafi kowa ya samu kwafi, ɗaya a ajiye a ofishin hedimasta.

Sai a sa rana a gayyaci iyaye. In ta dace da 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, ko 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya, ko 26 ga Agusta ranar Hausa, to madalla, in ba ta dace ba kowace rana ma ta yi. Kowane yaro ya karanta ko da sakin layi ɗaya ne, mai jin kunya abokinsa ya karanta masa yana tsaye a gefensa. Ni dai ba na goyon bayan a ce ga na ɗaya ga na biyu a wannan matakin, yaro ɗaya zai tafi da kyauta sha tara su tafi da tunanin ba su iya ba. In za a ba da fensir a ba kowa. Kuma kar ka ɗora hoton yaran ko cikakken sunansu a Facebook ko WhatsApp sai iyaye sun yarda.

Abu na ƙarshe shi ne abin karantawa, don wanda ba ya karatu rubutunsa ba ya nisa. A kowane zama ka ware minti biyar na farko ka karanta musu wani abu da murya. In littattafai sun yi wuya, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta, kana iya saukewa a waya ko ka buga a takarda. A Bauchi da Sakkwato an raba littattafan shirin Mu Karanta a makarantun gwamnati, ka tambaya ko akwai saura a sito. Ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, ka nemi reshen jiharku ka roƙi wani marubuci ya zo ya zauna da yaran ko na rabin awa ne, ya nuna musu takardunsa na farko masu goge-goge. Littattafan da rukunin farko suka ɗinka kuma ka nemi izininsu ka yi kwafi ka adana a kwali, su zaka fara karanta wa rukuni na biyu, kuma ka ɗauko biyu ko uku daga cikin 'yan rukunin farkon su zo su taya ka zama da masu zane.